Cikin Gari, Rukunin Gidaje Ko Fili A Bayan Gari: Shawara Ga Mai Neman Muhalli A Katsina

Duk wanda ya fita neman gida a Katsina cikin 'yan shekarun nan ya san al'amarin ya canja. Tun 1987 da garin ya zama hedikwatar jiha yake faɗaɗa, amma tururuwar baya-bayan nan daban ce. Mutanen Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa da Ƙanƙara waɗanda rashin tsaro ya taso, da yawansu nan suka nufo. Mai hali ya sayi gida, marar hali ya kama haya ko ya raɓa wurin dangi. Ana cikin haka aka cire tallafin mai a 2023, naira ta faɗi, buhun siminti ya haura dubu goma a farkon 2024, rodi da kwano suka bi sahu. Masu nema sun ƙaru, gini ya yi tsada, don haka gidan da aka riga aka gina ya zama zinariya. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga magidanci ya kwashe gumin shekara ashirin ya zuba a wurin da sau ɗaya ya gani, shi ma da yamma, dillali na gefe yana ce masa wani ya riga ya taya.

Bari in fara da cikin gari, don nan zuciyata take. Gida a Rafindaɗi, Galadunci, Gambarawa ko Unguwar Alƙali yana zuwa da abin da ba a rubuta shi a takardar ciniki. Masallaci na ƙofar gida, makarantar allo da Islamiyya na cikin lungu, mai ƙosai da mai fura sun san 'ya'yanka da sunansu. Idan matarka ta haihu, kafin ka dawo daga asibiti maƙwabta sun ɗora ruwan wanka. Idan rasuwa aka yi, ba sai ka nemi masu zaman makoki ba. Ranar sallah kuwa da ƙafa yara za su taka Ƙofar Soro kallon hawa. Sannan ga ginin kansa. Wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa mai rufin azara a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura maki 40, ya san bambancinsa da ɗakin bulo mai kwano. Da rana soro sanyi, da hunturu ɗumi, ba ruwanka da ko an kawo wuta.

Sai dai ka shiga da ido biyu. Ginin ƙasa yana son kulawa: yaɓe kafin damina, gyaran indararo, duba azara saboda gara. Wasu lungunan mota ba ta shiga, kuma ranar da rashin lafiya ta tashi da tsakar dare za ka gane nauyin hakan. Magudanar ruwa ma matsala ce a wurare da dama. Amma babban abin tsoro shi ne gado. Yawancin gidajen cikin gari da ake sa wa kuɗi na magada ne, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke gaba yana magana da sunan kowa. Kada ka biya ko sisi sai ka ga takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko kuma dukkan magada, maza da mata, sun sa hannu a gaban shaidu da mai unguwa. Na san wani bawan Allah da ya sayi irin wannan gida, ya rushe ya gina, bayan shekara uku wata 'yar marigayin da ke aure a Maraɗi ta zo ta ce ba da saninta aka sayar ba. Gaskiya ce ta faɗa, kuma haƙƙinta ne. Ka tuna kuma a mazhabar Malikiyya akwai shufu'a: idan kason mutum ɗaya ka saya a gidan da ba a raba ba, abokan tarayyarsa suna da ikon mayar maka da kuɗinka su karɓi kason.

Rukunin gidaje irin su Barhim, Goruba, Fatima Shema da Shagari Low Cost ba sa buƙatar dogon bayani. Titi a shimfiɗe, fili a yanke, kowa ya san iyakarsa. Sun dace da ma'aikacin da yake son ya tare yau ba tare da jidalin magina ba. Wasu daga cikin irin waɗannan gidaje ma'aikata aka raba wa ana cire kuɗin a albashi, saboda haka ka tabbata mai sayarwa ya gama biya, kuma za a canja suna a hukumance. Ɗakunan sukan yi wa iyali mai yawa kaɗan, zaman kuma na kowa-ya-rufe-ƙofarsa ne. Tsohuwar da ta saba da shige da fice na cikin gari takan yi kewa a can.

Yanzu ga inda mafi yawanmu ke dosa: sayen fili a gina sannu a hankali. Hanyar Dutsinma ita ce ta fi jan mutane, saboda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Al-Qalam, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman duk suna wannan ɓangare, har gari ya haɗe da Batagarawa. Wanda ya gina ɗakunan haya a nan ba ya rasa ɗalibai. Hanyar Daura wajen filin jirgi da kewayen Ring Road su ma sun cika da tubalan siminti. Aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ya ƙara wa dillalai abin faɗa; kowane fili sai a ce maka kusa da tasha yake.

A nan tambayar farko ita ce: awon gwamnati ne ko awon igiya? Filin awon igiya gona ce da mai ita ya yanka ya sayar, ƙafa hamsin da ɗari ko hamsin da hamsin, wani lokaci ba a bar wurin makaranta ko kwata ba, hanyar ma da ƙyar take ɗaukar mota ɗaya. Ya fi araha, shi ya sa talaka ke rububinsa, kuma ban ce duk mai sayarwa macuci ba ne. Amma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna. Abin da kake riƙewa izinin zama ne, wanda yawanci ake bayarwa na shekara 99 ga gidan kwana. Idan gwamnati ta buƙaci wurin don aikin jama'a, diyya kan abin da ka gina ko ka shuka ake lissafa ta, ba kan ƙasar ba. Wanda ya tara filaye huɗu na igiya ya bar su fayau yana jiran su yi kuɗi, ya san wannan. Kafin ka biya, ka je ma'aikatar ƙasa da safiyo a bincika ko wurin yana cikin wani tsari na gwamnati, ko akwai sunan wani a kansa. Kafin ka haƙa harsashi kuma ka nemi izinin gini daga hukumar tsara birane. Kuɗin binciken bai kai la'adar dillali ba.

Sai ruwa. Famfon da ke zuwa daga madatsar Ajiwa bai wadaci tsofaffin unguwanni ba, balle sababbi. A bayan gari rijiyar burtsatse ce ko 'yan garuwa, kuma akwai wuraren da ake haƙawa a tarar da dutse. Ka tambayi gidan da ke kusa: sun samu ruwa? Ƙafa nawa? Nawa ake sayar da jarka a watan Mayu? Ka ɗaga kai ka ga ko akwai turakun wutar lantarki na kamfanin KEDCO, ko kuwa da kuɗinku za ku haɗa ku sayi taransifoma. Ka lissafa kuɗin Napep na yara zuwa makaranta da na uwargida zuwa kasuwa, wata goma sha biyu, ka ɗora a kan farashin filin. Sau da yawa arahar a nan take narkewa.

Kuma ka ga wurin sau biyu, a yanayi biyu. Ka je a watan Agusta, washegarin ruwan sama mai ƙarfi. Filin da ya yi kyau da rani yana iya zama tsohon kududdufi da aka cike da shara, ko hanyar ruwa ce da ba ta manta hanyarta ba. Ka koma bayan isha'i ka ga ko akwai mutane a masallaci, ko akwai 'yan sintiri, ko kangwaye ne kawai kewaye da kai. A wannan zamani, zama kai kaɗai a ƙarshen gari ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar kuɗi a taƙaice: ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa yana da damar neman rancen Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, a kan ruwa kashi 6, biya har shekara 30. Da yawanmu muna gudun riba, to akwai bankuna irin su Jaiz masu tsarin da ba ruwa; ka zauna da su da malaminka ka fahimci sharuɗɗan.

Da ƙanena ne ya tambaye ni, ga abin da zan ce masa. In da tsofaffi a hannunsa, kuma sana'arsa a kasuwa take, ya nemi cikin gari, ya haƙura da ƙarancin fili, ya dage kan takardar magada. In kuwa matashi ne mai albashi, ya ci gaba da zaman haya shekara biyu ko uku, ya sayi rabin fili na awon gwamnati a inda mutane suka riga suka tare, maimakon cikakke na igiya a daji. Ya fara da katanga da ɗaki biyu da banɗaki, ya ɗaga silin sama, ya yi tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, sannan tun ranar da aka kafa turakun iyakar filin ya dasa bedi biyu a ƙofar gida, ya roƙi maƙwabci ya riƙa zuba musu ruwa kafin ya tare.