Kafin ka sayi tabulet don ƙauye, tambayi a kashi nawa take mutuwa

Mai sayen tabulet a kasuwar Farm Centre ta Kano yakan tsaya kan girman fuska da kyau na kyamara. Amma wanda zai koma da ita wani ƙauye a bayan Ringim ko Gwaram, inda wuta kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, sai an kai wa mai caji a bakin kasuwa an biya, tambayarsa daban ce: idan caji ya yi ƙasa, me na'urar ke yi, kuma zan iya sa mata hannu?

Duk tabulet tana kashe kanta da gangan kafin batir ya ƙare ƙarƙaf, domin batirin lithiyam yana lalacewa idan aka zuƙe shi har ƙasa. Bambancin yana wajen wa ke da iko da wannan iyaka.

Masu Windows, irin su Surface Go, su ne suka fi ba ka iko. A saitin wuta, ƙarƙashin batir, za ka tarar da matakin gargaɗi, yawanci kashi 10, da matakin da take ɗaukewa, yawanci kashi 5. Kana iya ɗaga su, kana kuma iya zaɓar abin da za ta yi idan ta kai can: ta mutu gaba ɗaya, ko ta adana aikin da ke buɗe sannan ta kwanta. Ga malamin da ke shigar da makin ɗalibai, ko ma'aikacin asibitin karkara da ke cike bayanan riga-kafi, na biyun ya fi, don gobe idan an samu caji zai tarar da aikinsa inda ya bari. Shawarata a ɗaga matakin ɗaukewar zuwa kashi 10 idan batirin ya fara tsufa, kada a sauke shi don kwaɗayin mintuna kaɗan. Sai dai masu Windows suna shan wuta, kuma akasarin waɗanda ke kasuwarmu na hannu ne.

Android ba ta barin ka taɓa matakin mutuwa, sai lambar da take nunawa ta kai sifili, ko da yake a lokacin da ɗan saura a batirin. Wasu masu gyara za su ce a kawo su buɗe mata ciki su canza. Kada ka yarda, garantinka zai tafi, manhajar banki ma tana iya ƙin buɗewa. Abin da ta ba ka shi ne tsarin tattalin batir, wanda ke rage aikin manhajojin da ke gudana a ɓoye, kuma a yawancinsu kai ne za ka faɗi kashin da zai kunna kansa. Sa shi tun daga 30 ko 40, kada ka jira 15. Na Samsung suna da ƙarin wani saiti da ke tsayar da caji a kashi 80 ko 85 don batir ya daɗe. Mai sola a gida ya kunna shi. Wanda kuwa sai ranar kasuwa yake samun caji, ya bar ta ta cika taf, don kowane kashi yana da rana.

iPad ta samu nata tsarin tattalin wuta a 2021, amma ita ma ba a taɓa matakin mutuwarta. Tana riƙe caji da kyau idan an ajiye ta. Matsalarta tsada, ga wahalar samun batir na ainihi idan nata ya gaji. Apple, kamfanin da ke ƙera ta, da kansa ya ce a yi amfani da ita a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu Haɗejia kan haura 40. Wannan gargaɗin ya shafi kowace tabulet: kada a bar ta tana caji a ɗakin kwano da tsakar rana, ko a kan janareta.

Yanzu ga inda ake cin kuɗin mutane. Tabulet ɗin da ke nuna kashi 30 sannan ta ɗauke ɗif, ba saiti ne ya lalace ba, batirin ne ya mutu, kuma babu maɓallin da zai tashe shi. Idan mai shago ya ce maka "Alhaji, saiti ne kawai, za a daidaita," ka ce ya kunna bidiyo, ya ƙure hasken fuska, ku zauna ku ga yadda lambar ke sauka. Idan tana tsalle daga 60 zuwa 45, ajiye masa kayansa. Ka kuma kwantar da ita a kan tebur ka duba ta gefe: in fuskar ta ɗan ɗago daga jikinta, batir ya kumbura, kuma wannan hatsarin gobara ne a ɗakin da yara ke kwana. Nemi a ba ka kwana biyu na gwaji kafin ciniki ya faɗa.

Idan da ni za a yi shawara, mutumin karkara ya sayi sabuwar Android mai babban batir da bakin caji na USB-C, wanda kowane shagon caji ke da wayar cajinsa. Ko a gida ɗaya akwai bambanci: a Samsung, Galaxy Tab A9 tana da 5,100 mAh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), A9+ kuwa 7,040, ko da yake babbar fuskarta tana cin wani abu daga ciki. Windows sai wanda aikinsa ya wajabta masa ita, kuma ya sa kuɗin sabon batir da ƙaramar sola a lissafi tun kafin ya hau motar Kano.