Baka mai lanƙwasa ko mai tayoyi: wanne za a ɗauka a gasa?

Masu son shiga gasar harbin kibiya sun dame ni da wannan tambaya.

Mai lanƙwasa, wato bakan da ƙarshensa biyu suka lanƙwashe zuwa gaba, da yatsu ake sakin tsirkiyarsa, kuma doka ta hana gilashin ƙara girma a wurin saiti. A Olamfik daga mita 70 ake harbi. Duk nauyin ja yana kafaɗarka, sai mai haƙuri.

Mai tayoyi kuwa, wato bakan da tsirkiyarsa ke bi ta kan ƙananan tayoyi a ƙarshensa biyu, daga mita 50 ake harbi da shi. An yarda da gilashi da na'urar sakin tsirkiya, tayoyin suna rage nauyi idan ka ja har ƙarshe. Amma akwai tsada, gyaransa ma sai gwani, kuskure kaɗan kuma ya isa ya fitar da kai.

Sabon shiga mai ƙaramin aljihu ya fara da mai lanƙwasa. Mai tayoyi na wanda ke da kuɗi da mai gyara kusa ne.