Littafin bashi ko manhajar waya?

Hajiya, tsakanin littafi da manhajar nan da aka tallata miki don rubuta masu bashi, ki sayi littafi. Duka biyun na riƙe, ɗaya kuwa har yau ina jin zafin kuɗina.

Shekara 11 ke nan ina sayar da shinkafa, sukari da man girki a kasuwar Singa da ke Kano, kuma kusan rabin cinikina bashi ne, don masu shagunan unguwa sai sun sayar suke kawowa. Littafina dogon nan ne mai bangon kwali. Kowa da shafinsa: kwanan wata, buhu nawa, nawa ne kuɗin, yaushe zai biya. Sai ya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, maƙwabcina da yaron shago su shaida. Ba wayona ba ne. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ita ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu.

Akwai wani dattijo daga wajen Wudil, Allah ya jiƙansa, da ya rasu ina bin sa naira 340,000. Na je gaisuwa bakina ya yi nauyi, na dawo ban ce komai ba. Bayan sadakar bakwai sai ga babban ɗansa a shago, fuska a ɗaure, don mutum uku sun riga sun je musu da baki kawai wai suna bin marigayi. Na ɗauko littafi na buɗe masa shafin. Tsohon da ajami yake rubuta sunansa, yana jan wasalin ƙarshe har ya kusa fita daga layi. Yaron ya daɗe yana kallo, ya sa hannun riga ya goge ido, ya ce, "Wannan hannun Baba ne." Kafin a raba gado suka kawo mini kuɗina cif, kamar yadda shari'a ta tanada. Waɗancan ukun kuwa, sai da aka kai ga rantse-rantse.

Ita manhajar, to, tana haɗa lissafi da sauri, tana tura saƙon tuni, wannan ban hana ta ba. Amma mai taurin bashi ba saƙo ke hana shi barci ba, kuma duk abin da ke ciki ke kaɗai kika rubuta, gobe zai ce ƙari kika yi. Ni na biya kuɗin shekara, wata huɗu aka zare wayar a cikin adaidaita sahu, na kasa komawa ciki.

Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ki fara da shugabannin kasuwa ko mai unguwarsu, kunya na fitar da kuɗi fiye da faɗa. In ya ƙi, akwai kotun ƙananan da'awa a Kano, ba dole sai da lauya ba, kuma abin da za a fara tambayarki shi ne shaidar bashin. Kada ki ɓata kuɗin mota zuwa caji ofis. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda bashin ciniki kawai, in kika sa aka kulle shi yana iya juyowa ya maka ki a kotu.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da samarin da ke yawo layi-layi da katin wuya suna sayar da irin waɗannan manhajoji. Wanda duk ya ce sai kin ba shi BVN ko lambar da banki ya turo miki kafin ya saka miki, ɓarawo ne, ki sallame shi. Haka masu cewa za su karɓo miki bashi ki ba su kashi ɗaya cikin biyar, su fara neman na mai. Na san wanda suka karɓo masa kuɗin suka ɓace da su, ga bashi ya fita, ga hannu wayam.

Ki sayi littafi, ki haɗa da rasit mai kabon, ɗaya nasa ɗaya naki. Ki yanka wa kowa iyaka, wanda bai cika na baya ba kada ya ɗauki sabo, ko da ƙanwarki ce. Abin da waya za ta yi miki guda ɗaya ne: duk yamma kafin ki rufe shago ki ɗauki hoton shafukan ranar ki tura wa wani na gida. Tun gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 na daina yarda littafina ya kwana a shago ba kwafi.