Motar kwana ta haya zuwa duwatsun Volta

Motar da muka ɗauka haya a nan Accra irin bas ɗin trotro ce, sai dai an cire kujerun baya. An sa gado mai naɗewa a wurinsu, da murhun gas, da tankin ruwa mai famfo, da ɗan firij da ke samun wuta daga faifan sola a kan rufi. Ni da Hajiya da yara muka bar Nima bayan asuba, muka bi ta Tema zuwa Atimpoku, muka sayi abolo, wato wainar masara da ake turarawa, da ƙananan soyayyun kifi a wurin mata masu talla, sannan muka haye gadar Adomi, wadda aka buɗe a 1957.

Tankin nan da murhun su ne suka sa ban ji ciwon kuɗina ba. Wanda ya taɓa tafiya da iyali a garuruwan da Musulmi ba su da yawa ya san yadda ake fama: ka tsaya kana tambayar wa ya yanka naman, lokacin salla na wucewa kana neman ruwan alwala. A wannan tafiyar, da azahar ta yi sai in sami inuwa in tsaya, a cika buta, a shimfiɗa tabarma. Hajiya ta taho da kajin da aka yanka a gida, da shito, da garin tuwo, kuma firij ɗin ya riƙe naman har muka dawo bai canza ba. Yara sun ci abincin da suka saba a kan lokaci. Ga mai ƙananan yara wannan ba ƙaramin hutu ba ne.

Hawan dutse ne ya nuna mini inda motar ta gaza. Daga Vane zuwa Amedzofe hanyar siririya ce, kwana bayan kwana, ga nauyin ruwa da tukunyar gas da katakon gado duk a baya. A giya ta ɗaya da ta biyu muka hau, injin yana nishi. Birkin hannu kuma bai kama sosai, duk inda na tsaya a gangare sai babban yarona ya sa dutse a bayan taya. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin kamfanin ya san inda za mu, kuma rayukan yara ne a cikin motar. Da na dawo na gaya wa mai kula da wurin, "Yallaɓai, kada ku sake ba kowa motar nan sai an gyara birki." Ya karɓi maganar, ya ba da haƙuri.

Daren Amedzofe shi ne mafi daɗi. Sanyi ya sa muka jawo bargo, abin da ɗan Nima bai saba ba. Da safe muka taka zuwa saman dutsen Gemi, inda wani gicciyen ƙarfe na 'yan mishan Jamusawa yake, hazo na tashi kaɗan kaɗan har tafkin Volta ya bayyana can nesa.

A Wli, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse kusa da iyakar Togo, labari ya sha bamban. Garin a gindin dutse yake, akwai zafi, fanka ɗaya ce a motar, tagogin kuma babu ragar sauro. In ka rufe ka jiƙe da gumi, in ka buɗe sauro ya cika ciki. Babu banɗaki a motar, don haka muka roƙi mai wani masauki ya bar mu mu kwana a harabarsa, muka biya shi ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Tafiyar ƙafa zuwa inda ruwan ke zubowa ta kai kusan minti 45, ana tsallake ƙananan gadoji a kan rafin Agumatsa, ga dubban jemagu rataye a jikin dutsen. Ko ƙaramarmu ta iya tafiyar.

Zan sake ɗaukar irin wannan motar, amma sai na gwada birki a gangare da kaina kafin in biya, in kuma taho da gidan sauro daga gida. Dutsen Afadjato muka bari sai wani karo, ta Liati Wote, kuma ba za mu je da hunturu ba, lokacin da ƙura ke rufe duwatsun.