VCarve Pro ya fitar da ni kunya a aikin allon Islamiyya, amma wanda ya sayar min da inji bai kyauta ba

Abokan sana'a a Gusau da Ƙaura Namoda sun sha tambayata ko VCarve Pro, manhajar tsara zane da yanka ta injin sassaƙa katako mai aiki da kwamfuta (CNC), ya cancanci kuɗinsa. Ya cancanta. Zan faɗi dalili, zan kuma faɗi abin da har yau yake ci min rai, domin su biyun a aiki ɗaya suka haɗu.

Injina 1325 ne, irin na Sin da kowa ya sani, mai ɗaukar cikakken allon MDF (katakon da ake matsawa daga garin itace), da sipindil, wato motar da ke juya bakin yanka, mai sanyaya da ruwa, da rimot na RichAuto da ake soka wa filashi. Ina yin ƙofofin kicin, kan gadon amare, allunan suna da ɗan adon bango. Wanda ya kawo min injin ya haɗa shi, shi ne ya sa min ArtCAM a laftof, ya ce ita ce kowa yake amfani da ita. ArtCAM manhaja ce mai kyau a zamaninta. Kamfanin Delcam na Ingila ne ya yi ta, Autodesk ya sayi kamfanin a 2014, ya daina sayar da ita a 2018. To wadda aka sa min ma ba ta asali ba ce, fasasshiya ce da ya kwafo daga wani wuri. Kana tsakiyar zane sai ta rufe kanta, ka buɗe ka tarar aikin safiya ya tafi. Ba wanda za ka kai wa kuka, shi kuma ya karɓi kuɗin koyarwa ya koma garinsu.

A haka na sauke VCarve na gwaji, wanda kamfanin Vectric yake bayarwa kyauta. Na gwajin yana bari ka yi zane, ka tsara hanyar yanka, ka ga yadda aikin zai fito, sai dai ba zai ba ka fayil ɗin zanenka ka kai wa inji ba. Na yi ta wasa da shi da daddare har na gamsu, na rufe ido na biya.

Ba a jima ba kwamitin wata makarantar Islamiyya a Tudun Wada suka zo da aiki. Suna da walimar saukar Alƙur'ani, suna son allon suna da za a kafa a bakin ƙofa, Larabci a sama, boko a ƙasa. Katakon da kansu suka kawo, madaci ne busasshe mai faɗi, wani dattijo ne ya ba da shi sadaka, ya daɗe a ajiye a gidansa. Bayan an goge shi a inji kaurinsa ya tsaya a milimita 22. Shugaban kwamitin ya dafa shi ya ce min, "Wanga katako shi kaɗai gare mu, ka yi hattara da shi." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, in sha Allahu ba abin da zai same shi." Na faɗa ne kawai, amma cikina ya ɗuri ruwa, domin madaci irin wannan ba a shiga kasuwa a samo shi yau.

Rubutun Larabcin a manhajar zane ta CorelDRAW na tsara shi, na mayar da haruffan zane, na shigo da su VCarve. Yadda aka koya min a da shi ne in ɗauki bit, wato ƙarfen yankan da ake ɗaura wa inji, mai lebur ɗin baki in ƙwaƙule cikin harafi a zurfi ɗaya. A rubutun boko ana iya haƙuri da wannan. A Larabci kuwa ɓarna ce, domin bit ɗin zagaye ne, duk inda harafi ya yi tsini sai ya fito da dunƙulallen kai, wutsiyar ra'un da ta wawun su yi kamar an datse su. Hanyar yanka ta V da manhajar ta samo sunanta daga gare ta daban take. Bit mai tsini ne yake bin tsakiyar harafi, inda harafin ya yi faɗi ya nutse, inda ya sirance ya ɗago, har ya fita ta kan tsini. Tamkar alƙalamin kara a hannun malamin da ya iya rubutu, ya danna a nan ya sassauta a can. Ranar da na fara ganin wannan a allon laftof na daɗe ina kallo.

Na zaɓi bit mai tsinin kusurwa digiri 60, na danna lissafi. Sai wani gargaɗi ya fito, wai bit zai huda katakon ya fita ta baya. Na tsaya na duba. Babban harafin da ke tsakiya faɗinsa ya kai milimita 30, kuma bit mai kusurwa 60 kafin gefensa biyu su taɓa bakin harafi mai wannan faɗin sai ya nutse kusan milimita 26. Katakona 22. Da bit mai kusurwa 90 ne, rabin faɗin kawai zai nutse, wato 15. Wannan lissafin ba wanda ya taɓa yi min shi, kuma a ido ba za ka gani ba, domin zanen a kwance yake a allon laftof, kyakkyawa. Da an kai fayil ɗin nan inji, da a tsakiyar sunan makaranta rami zai ɓulle, a katakon sadaka, ana saura 'yan kwanaki walima. Ban san da wane ido zan kalli mutanen nan ba. A wannan minti ɗin kuɗin da na biya ya fita, ko da manhajar ba ta ƙara yi min komai ba.

Maganin ma a wurin yake. Akwai inda za ka ƙayyade iyakar zurfi, na sa milimita 8, na ƙara bit mai lebur na milimita 6 ya share tsakiyar manyan haruffan, shi kuma mai tsinin ya gyara gefe da kusurwoyi. Na sake lissafi, gargaɗin bai dawo ba.

Da yamma Malam ya leƙo, na juyo masa da laftof, na zaɓi launin katako mai ja-ja kamar madaci, na nuna masa allon a sassaƙe tun bit bai taɓa komai ba. Ya gyara gilashi ya matso. Ya sa yatsa a kan ɗigo biyu na ƙarƙashin wani harafi ya ce, "Waɗanga sun matse, in an kafa shi daga nesa ɗaya za a gani." Na ƙara girman hoton, gaskiyarsa: ɗan bangon katakon da ya rage tsakaninsu siriri ne ƙwarai, ko a wurin shafa sanfefa zai iya ɓallewa. Na raba su a gabansa, na sake nuna masa. Ya ce yanzu ya yi. Mai aiki ya ga kayansa ya yi gyara kafin a yanka, wannan a wurina ya fi duk wani abu da aka rubuta a tallar manhajar.

Daga nan ne raina ya ɓaci.

Na sa yarona ya ɗaure guntun MDF mu gwada layi ɗaya kafin mu hau madaci. Abin da ya fito ba shi ne na allon laftof ba. Haruffan sun yi ƙiba, ɗigon da na raba sun kusa haɗewa, siraran layuka sun yi kauri, kuma inda bit biyun suka haɗu ya bar ɗan tudu. Yaron ya ce, "Maigida, ko manhajar ce?" Na duba komai, tsayin sifili, wato inda inji yake fara auna zurfi, daidai, fayil a milimita yake, kolet mai riƙe bit a ɗaure. Sai na kwance bit ɗin na ɗora shi a ma'aunin kusurwa. An rubuta 60 a jikin kwalinsa, amma ya kusa 70, kuma tsininsa ba tsini ba ne, a dakushe yake tun yana sabo. Manhaja ta yi lissafinta a kan abin da na gaya mata, ƙarfen da ke cikin inji kuwa wani abu ne daban. Kuma daga wurin wa na saye shi? Wurin mutumin nan dai, a farashin na asali.

Na kira shi. Sai da na yi ta kira kafin ya ɗauka. Na ce, "Injiniya, bit ɗin da ka ba ni ba 60 ba ne." Ya ce, "Oga, ka rage zurfi kawai, duk haka suke." Ba haka suke ba. Rage zurfi ba ya gyara kusurwa. Mutum ya karɓi kuɗinka a matsayin masani, ya ba ka wannan amsar, ya kashe waya.

Wannan ya tayar min da tsohon miki. Shi ne ya sa min lamba ɗaya a komai: juyi 24,000 a minti, tafiya milimita 1,000 a minti, wai kada bit ya karye. MDF, filawud, katako mai tauri, duk da ita nake yanka. Bit ɗina suna baƙi, gefen aiki yana ƙonewa, shago ya cika da ƙauri, ni kuma ina komawa wurinsa sayen sababbi. Sai da na zauna da bidiyoyin koyarwa na gane cewa akwai lissafi: ka raba gudun tafiya da juyi sau yawan haƙoran bit, shi ne kaurin abin da kowane haƙori yake ɗiba. Da lambarsa, bit mai haƙori biyu yana ɗibar kusan 0.02 na milimita. Wannan ba yanka ba ne, guga ce, zafin duk a jikin bit yake tsayawa maimakon ya tafi da ɓarɓashi. Na sauke juyi zuwa 18,000, na ɗaga tafiya zuwa 3,600, ɗiba ta zama 0.1. Ƙarar injin ma ta canza, ƙaurin ya tafi, bit ya fara daɗewa. Kuɗin da na zubar a kan bit kafin nan, in na tuna, har yanzu sai in ji zafi a ƙirjina. Haka ya bar ni ina yanka allo mai melamin da bit mai jan ɓarɓashi sama, fuskar allon tana tsattsagewa, bai taɓa ce min akwai mai danna sama da ƙasa a lokaci ɗaya ba, wanda yake barin fuska biyu sumul in yankan farko ya nutse ya wuce ɓangaren ƙasan bit ɗin.

Wani abokin sana'a a Kano ne ya samo min bit na kirki, ya ba direba ya kawo tasha. Na auna, 60 cif. Muka sake gwaji a MDF, ya fito kamar an ɗauko na allon laftof an ajiye. Ranar yanka madaci ban yarda da wutar gari ba, janareta na tayar, na tsaya a kan injin da rimot a hannu har ya gama. Wutsiyoyin haruffan sun fita siriri har ƙarshe, ɗigo biyun nan kowanne da gidansa. Muka zuba baƙin fenti a cikin rubutun, muka goge sama, muka shafa banish. An kafa shi kafin walima.

Duk da haka kada wani ya ɗauka sayen manhaja ya gama masa komai. VCarve bai san injinka ba, bai san bit ɗin da ke hannunka ba. Lambobin kowane bit kai za ka gwada ka gyara su dace da ƙarfin sipindil ɗinka, kuma ƙiyasin lokaci sai ka daidaita shi da ainihin gudun injinka kafin ka dogara da shi wajen lissafin man janareta. Kuɗin kuma na waje ne, da darajar naira a yanzu ba wasa ba ne, biyan ma sai da na nemi mai katin dala. Mai 1325 kada ya ga arhar VCarve Desktop ya saya, domin iyakar yankansa inci 24 ne a kowane gefe, Pro ne ba shi da wannan iyakar, kuma a Pro ne manhaja take jera guntayen aiki da kanta a allon MDF ɗaya, abin da ya rage min asarar MDF sosai a aikin kicin. Masu kan gado mai furanni masu tudu su sani VCarve zai yanka samfurin da aka riga aka ƙera in ka shigo da shi, amma ƙera naka daga farko aikin Aspire ne, babbar manhajar kamfanin Vectric, kuma farashinsa ya yi sama da nisa. A Windows yake aiki. Bidiyoyin da na koya da su da Turanci suke, suna cin data, yarona har yanzu sai na zauna na fassara masa.

Shi kuwa Injiniya, na tura masa hoton bit ɗin a kan ma'auni, na ce ya karɓi kayansa ya dawo min da kuɗina. Ya ce in bari ya shigo Gusau. Bit ɗin yana nan a kwalinsa, kuma duk wanda ya zo shagona yana shirin sayen inji, ina gaya masa ya nemi a rubuta masa a takarda wace manhaja za a sa masa, ta asali ce ko fasasshiya, kafin ya biya ko sisi.