Yadda ake gyara karayar idon sawun tsofaffi a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin da ka nema a kan yadda likitocin ƙashi na nan Ingila suke yi da dattijon da ya karye a idon sawu.

Tambayar da suke farawa da ita ita ce yaushe tsohon zai taka ƙafarsa. Doguwar kwanciya ta fi ba su tsoro a kan karayar, domin ita ke jawo gyambo, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa.

Aikin da aka saba shi ne a tsaga fata a ɗaure ƙashin da ƙarfe da ƙusoshi. Sai dai ƙashin tsoho yakan yi rauni har ƙusa ta kasa kama shi, fatarsa ba ta da kauri, mai ciwon suga kuwa ɗinkinsa yana iya ƙin warkewa. Saboda haka wanda ƙarfinsa ya ƙare, wanda da ma tafiyarsa ba ta wuce daga gado zuwa banɗaki ba, sukan zura masa doguwar ƙusa ta ƙarƙashin dunduniya har cikin ƙashin ƙwauri. Gaɓar takan sandare har abada, amma da idona na ga wata tsohuwa ta miƙe washegarin tiyata, ta dafa ƙarfen dogarawa, ma'aikaciyar gashin ƙashi tana tallafe da ƙugunta.

Ba kowa ake yi wa tiyata ba. Binciken Jami'ar Oxford na 2016 a kan mutum 620 da suka haura shekara 60 ya nuna cewa filasta mai tauri ta ɗorin asibiti da aka ɗaura daidai da ƙirar ƙafa, majinyacin yana cikin allurar barci, ta ba da sakamako irin na ƙarfe bayan wata 6, ko da yake wasunsu sai da aka koma aka yi musu aikin.

Ƙwararru muna da su a gida, Asibitin Ƙashi na Dala shaida ne. Bambancin na kuɗi ne: a nan hukumar lafiya ta NHS ke ɗaukar nauyin komai, a gida kuwa galibi dangi ke sayen ƙarfen, shi ya sa da yawa suke nufar mai ɗori. A ganina, ko ɗorin za a yi, a fara ɗaukar hoton ƙashi, domin idon sawun da ya goce, in aka matse shi da kara da tsumma, yana iya hana jini isa yatsu.