Gyaran Fankokin Lantarki a Tsakiyar Teku: Saƙo Daga Grimsby

Assalamu alaikum Yaya. Ya iyali, ya kasuwa, ya sanyin Kano? Ka ce in yi maka bayanin yadda ake gyaran fankokin iska masu ba da wuta a nan Ingila, ka gwada da aikin janareta na shagonka. To, ga shi.

Ɗauki Hornsea One, wadda kamfanin Ørsted ke kula da ita daga tashar jirgin ruwa ta Grimsby. Fankoki 174 ne, kowace megawat 7, a tsakiyar teku kimanin kilomita 120 daga gaɓa. Tsawon fiffike ɗaya mita 75. Ka tuna na Lambar Rimi a Katsina, guda 37 masu megawat 10 gaba ɗaya? Biyu daga na nan sun fi su wuta.

A Kano inji ya tsaya, sai ka kira mai gyara, ya tari Adaidaita Sahu, kafin la'asar ya iso. Nan kuwa sai teku ta yarda. Ƙaramin jirgin da ke kai ma'aikata yakan danna goshinsa na roba a jikin ƙarafan gindin fanka, direba ya riƙe wuta, mutum ya jira jirgin ya natsu sannan ya taka tsani. Igiyar ruwa ta haura mita ɗaya da rabi, an fasa fita. Wurare masu nisa babban jirgi ake kaiwa, ma'aikata su kwana a ciki mako biyu, suna tsallakawa ta wata gada mai daidaita kanta da motsin ruwa. Duk da haka, da hunturu fis ɗaya kan ajiye fanka kwanaki ba wuta. Kuɗin zuwa ya ninka kuɗin kayan.

Shi ya sa ba a jiran lalacewa. Sau ɗaya a shekara, lokacin zafi da teku ke lafawa, ake babban sabis: a cika giris, a canza filta, a gwada ɗaurin notina da injin matsi, a duba lif da tsani da birki. Shi kuwa boris na injin, akwai na'ura manne a jikinsa tana auna karkarwa, tana aika wa kwamfuta a tudu. Abin da kai kake ji da kunne in ka kara sukurdireba a jikin inji, su a allo suke ganinsa watanni kafin ya ci.

Abin da ƙura ke yi mana, gishiri ke yi musu, har ma ya fi. Sai fenti mai kauri, da na'urar busar da laima a ɗakin inji, da dunƙulen alminiyam da ake ɗaurawa ƙarƙashin ruwa domin ya zaizaye a madadin gindin. Bakin fiffike yana gudun kusan kilomita 300 a awa, ɗigon ruwan sama na cin gefensa kamar sanfefa. Mutum ne zai sauko da igiya ya goge, ya cike, ya manna kariya. Babban ciwon kai dai kebul ɗin ƙarƙashin teku ne, wanda ruwa ke kwashe yashin da ya rufe shi, ya yi ta goga da duwatsu har ya huje.

Sai kuma kayan gyara. Kowane yana da lamba, a rubuta ranar da aka sa shi da wanda ya sa. Amma a ganina mutanenmu na Ƙofar Ruwa sun fi su dabara. Nan ba mai naɗa koyil a wurin aiki, cirewa ake a sa sabo, in babu a sito a zauna jiran oda.

Maganar yaronka da ke sha'awar aikin: ya riƙe karatun lantarki. Kafin ya hau jirgi sai ya yi kwas ɗin GWO, horon kare kai na ma'aikatan fankokin iska, wato tsira a ruwa, aiki a sama, taimakon gaggawa, kashe gobara da ɗaga kaya, ana sabunta shi duk shekara biyu. Ka ce masa ya fara koyon iyo tun yanzu.

A gaida Hajiya da yara.